Daga Damagaram zuwa Tsibiri: yadda Ekkilisiyar Nijar ta tsiro

Wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Damagaram, ya zarce Gure, zai riƙa cin karo da ƙananan majami'u a gefen gari, wasu na laka, wasu na bulo da rufin kwano. Da yawa daga cikinsu tushensu ɗaya ne: mishan ɗin SIM, wanda aka kafa a 1893, ya daɗe yana aiki a Nijeriya kafin ya ƙetaro iyaka ya sauka Damagaram a 1924.

Damagaram ba ta ba da kai ba. Birni ne na sarauta da malamai, kuma Faransawa masu mulki ba su sake jiki da waɗannan baƙi masu jin Ingilishi ba, suna ganin ƙafar Ingila ce. Duk da haka a nan aka sami Abba Musa, ɗaya daga cikin masu bi na farko, wanda daga baya ya zama jigo a ekkilisiyar ƙasar.

Inda irin ya kama sosai shi ne Tsibiri, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836, kusa da Maradi. David Osborne, ɗan mishan ɗin SIM, ya zauna a can tun ƙarshen shekarun 1920, yana ba da magani, yana koyar da karatu. Komai da Hausa ake yi: wa'azi, waƙa, addu'a. Da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya jagoranta, sai manomin Gobir ya sami abin karantawa da harshen uwarsa. A ganina wannan ne babban gadon waɗannan majami'u, ya fi ginin kansa daraja. Amma ya zo da tsada. Mishan bai ɗauki lakwal ta Faransanci da muhimmanci da wuri ba, 'ya'yan masu bi da yawa suka tashi ba su da takardar shiga aikin gwamnati, kuma dattawa sun daɗe da wannan ƙorafi a zuci.

Asibitin mishan na Galmi ya buɗe a 1950, na kutare a Danja ya biyo baya a 1956. Mafi yawan masu zuwa neman magani Musulmi ne, har gobe kuma haka abin yake.

Da 'yancin kai ya zo a 1960, 'yan ƙasa suka tsayar da tasu ƙungiya, Ekkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka fi sani da EERN. Ba ta zauna lafiya har abada ba: wajen 1990 saɓanin shugabanci ya raba ta, wasu ƙungiyoyi suka ɓalle suka kama gabansu.

Sai kuma Janairun 2015. Zanga-zangar da ta tashi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. An ƙona majami'u a Damagaram ranar 16 ga wata, washegari wutar ta kai Yamai, Gure ma ba ta tsira ba. Abin yana min ciwo har yau, domin mutanen da ke sujada a ɗakunan nan 'yan ƙasa ne, kasuwa ɗaya suke ci da maƙwabtansu, rijiya ɗaya suke ɗiba.