Kabiru: Asalin Sunan, Ma'anarsa da Yaɗuwarsa a Ƙasar Gaya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun sunan Kabiru a yankin Gaya da Ajingi na gabashin Jihar Kano. Ta nuna cewa sunan ya faro ne a matsayin laƙabin da ke rarrabe masu suna Muhammadu, daga baya ya tsaya da ƙafarsa, kuma yanzu takardun hukuma suna sauya masa kama.

Asali da ma'ana

Kabiru ya fito daga kalmar Larabci mai nufin babba. Idan aka sa mata "al" a gaba, ta zama ɗaya daga cikin sunayen Allah, kamar yadda ta zo a aya ta 9 ta Suratur Ra'ad. Saboda haka malamai ke cewa mai son wannan sigar sai ya ce Abdulkabir, wato bawan Mai Girma. Wasalin "u" na ƙarshe kuwa ya dace da bakin Bahaushe, wanda ya fi son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa ake jin Bashiru, Nasiru da Sagiru.

Sunayen Larabci sun samu gindin zama a ƙasar Kano ne sannu a hankali. Kundin tarihin Kano ya danganta zuwan malaman Wangarawa da zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Sarakunan da suka gabace shi suna ɗauke da sunaye irin su Bagauda da Gijimasu. Zuwa lokacin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, sunan Annabi ya riga ya shiga fada.

Daga laƙabi zuwa sunan yanka

A nan ne Kabiru ya samu aikin yi. Magidanci mai tsananin son Annabi kan raɗa wa 'ya'yansa maza biyu, uku, har fiye, suna Muhammadu. To, wa zai amsa idan uwa ta kira? Sai aka koma ga ƙidayar Larabci: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu. Wata hanyar kuma ita ce ta girma da ƙanƙanta, inda ake da Muhammadu Kabiru, babban, da Muhammadu Sagiru, ƙaramin. Ga kuma alkunya, wadda ta hana mata da yawa furta sunan ɗan fari ko na suruki, ta sa laƙabi ya fi sunan yanka yawo a tsakar gida.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne yadda laƙabin ya saki igiyarsa. A garuruwan Ajingi irin su Gafasa, ko Toranke, ko Balare, idan liman ya tsaya da safiyar ranar bakwai aka raba goro, yana iya shelanta cewa an samu Kabiru, ba tare da Muhammadu a gaba ba, kuma jaririn yana iya zama ɗan auta. Ba a ƙara tambayar ko shi ne babba. Haka ta faru da Sani da Rabi'u, waɗanda ba lallai su zama na biyu da na huɗu ba a yau.

Yaɗuwa

Takwara tana da ƙarfi a ƙasar Hausa, kuma ƙasar Gaya ta samu wanda za a yi wa. Kabiru Ibrahim Gaya ya zama gwamnan Kano a Janairun 1992, ya sauka a Nuwamban 1993 da sojoji suka rushe jamhuriya ta uku, sannan ya wakilci Kano ta Kudu a majalisar dattawa daga 2007 zuwa 2023. Shekara talatin ke nan sunan yana fita a rediyo haɗe da sunan garin. Gwamna Abba Kabir Yusuf, wanda ya hau a 2023, yana ɗauke da shi a matsayin sunan mahaifi, yayin da masu sauraron wa'azi suka saba da Sheikh Kabiru Gombe. Har a Indiya an yi mashahurin mawaƙi mai suna Kabir a ƙarni na 15, daga tushe ɗaya.

Kabiru ko Kabir?

Sunan Gwamna Abba Kabir ya fito da wani sauyi: "u" ɗin yana faɗuwa a rubuce. 'Yan boko sun fi rubuta Kabir, samari kuma sun taƙaita shi zuwa KB. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron ƙauye. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar ɗan ƙasa ta NIN ga masu rajistar jarrabawa, kuma ɗalibin da firamare ta rubuta Kabiru, katin ɗan ƙasa ya rubuta Kabir, wata takardar kuma ta ce Muhammad Kabir, zai sha zirga-zirgar rantsuwa a kotu da gyaran suna kafin a yarda mutum ɗaya ne. Ya kamata malaman firamare a Ajingi da Gaya su riƙa tambayar uba cikakken sunan da liman ya shelanta, su rubuta shi da siga ɗaya tun ranar da aka sa yaro aji ɗaya.