Tsirowar Ƙashi a Cikin Tsoka da Haɗarin Faɗuwa Bayan Tiyatar Canjin Kwatangwalo

Gabatarwa

Tiyatar canjin kwatangwalo aiki ne da likitocin ƙashi ke yi, inda suke cire kan ƙashin cinya da ya lalace su maye gurbinsa da na ƙarfe, sau da yawa har da ramin da yake zaune a ciki a jikin ƙashin ƙugu. Wani likita ɗan ƙasar Ingila, John Charnley, shi ne ya daidaita tsarin wannan aiki na zamani a asibitin Wrightington a shekarar 1962. A Nijeriya ana yin sa a asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da Inugu, da kuma wasu asibitocin koyarwa. A wajen dattawa, yawanci karayar wuyan ƙashin cinya ko amosanin gaɓɓai ne ke kai ga yin sa.

Mun shirya wannan bayani ne domin iyalan da ke jinyar dattijo a gida, da shugabannin al'umma, su san wata matsala da kan biyo bayan aikin, da yadda take iya janyo faɗuwa.

Mece ce tsirowar ƙashi a cikin tsoka?

Bayan tiyata, jiki kan shiga aikin gyaran naman da aka yanka. A wasu mutane, ƙwayoyin halittar da ya kamata su ɗinke tsoka sai su rikiɗe su fara gina ƙashi a inda ba muhallinsa ba, wato a cikin tsokar da ke kewaye da gaɓar. Wannan ba ciwon daji ba ne, kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Akan fara ganin sa a hoton ƙashi makonni kaɗan bayan aiki, sa'an nan ya ci gaba da ƙosawa har tsawon watanni 6 zuwa 12 ko fiye.

A shekarar 1973, likita Andrew Brooker da abokan aikinsa a Amurka suka karkasa matsalar zuwa matakai huɗu, waɗanda likitoci ke amfani da su har yau:

1. Mataki na 1: 'yan gutsattsarin ƙashi a warwatse cikin tsoka.
2. Mataki na 2: ƙashi ya tsiro daga ƙugu ko cinya, amma akwai tazarar aƙalla santimita 1 tsakanin ɓangarorin.
3. Mataki na 3: tazarar ta gaza santimita 1.
4. Mataki na 4: ƙashin ya haɗe, gaɓar ta zama kamar an kulle ta.

Mafi yawan masu matakai biyu na farko ba sa jin wata damuwa. Matakai na 3 da na 4 ne ke hana gaɓa motsi yadda ya kamata. Matsalar ta fi samun maza, da wanda ya taɓa yin ta a ɗaya kwatangwalon, da masu ciwon da ke sandarar da ƙashin baya, da waɗanda suka taɓa samun rauni a ƙwaƙwalwa ko laka.

Alamomin da za a lura da su

Babbar alama ita ce sandarewa. Idan dattijo ya fara samun sauƙi, sa'an nan aka ga ƙafar tana ƙara ƙin lanƙwasuwa, zama a kujera ko sanya takalmi na ƙara yi masa wuya, to a mayar da shi asibitin da aka yi masa aiki domin a ɗauki hoto. Wani lokaci akan samu ciwo, da kumburi, da ɗumi a wurin. Sai dai zazzaɓi, ko fitar mugunya daga ɗinki, ko kumburin ɗambubu, suna iya nuna shigar ƙwayoyin cuta ko daskarewar jini a jijiya, kuma waɗannan ba sa jiran ranar ganin likita.

Alaƙarta da faɗuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2007 cewa kashi 28 zuwa 35 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara. A 2021 kuma ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe kimanin mutum 684,000 a shekara a duniya, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi shafa.

Wanda aka yi wa tiyata yana da ƙarin rauni, domin tsokar ƙugunsa kan ɗauki watanni kafin ta yi ƙarfi. Idan sandarewa ta haɗu da wannan rauni, taku kan gajarce, ɗaga ƙafa a tsallake dokin ƙofa ya yi wuya, kuma idan mutum ya yi tuntuɓe ba zai iya jefa ƙafa da sauri ya tare kansa ba. Faɗuwa ɗaya na iya gocar da gaɓar ƙarfen, ko ta karya ƙashin da ke riƙe da ita, abin da kan kai ga wata tiyatar mai wahala da tsada.

Rigakafi da magani

Ga wanda likita ya ga yana cikin haɗari, akan ba da maganin kumburi irin su indometasin na ɗan lokaci bayan aiki, ko a haska wurin sau ɗaya da na'urar gashi gab da tiyata ko cikin kwanaki 3 bayanta. Muna gargaɗi da kada a sayi irin waɗannan magunguna a kemis ba da izinin likita ba, domin suna iya haddasa gyambon ciki, da zubar jini, da lalacewar ƙoda ga tsofaffi. Idan ƙashin ya riga ya kulle gaɓa, ana iya cire shi ta hanyar tiyata bayan ya ƙosa. Magani na sha ba ya narkar da ƙashin da ya riga ya ƙosa.

Haka kuma kada a kai wanda aka sanya wa ƙarfe wurin mai ɗori domin a murɗa ko a ja ƙafar da ƙarfi. Motsa jikin da ma'aikacin sashen gashin ƙashi ya koyar shi ne abin bi.

Gyaran gida

1. A naɗe tabarmi da ledar ɗaki da suka tattare, a kawar da turmi, da buta, da igiyar dabbobi daga hanya.
2. A samar da kujera mai tsayi da gado, maimakon zama ko kwanciya a ƙasa.
3. A ɗora kujera mai huda a kan masai, a kafa abin riƙewa a bango, domin tsuguno na da haɗari.
4. A ajiye tocila kusa da gado saboda fitar dare.
5. A zuba yashi a wuraren santsi, musamman wurin alwala da tsakar gida a damina.
6. A sanya takalmi mai riƙe dunduniya, a rage tsawon riga ko zani.
7. A yi amfani da sandar dogarawa, a riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya.
8. A yi salla a kan kujera, a kuma guji hawa babur, har sai likita ya ba da izini.
9. A duba lafiyar ido, a sanar da likita idan wani magani na kawo jiri.

Idan dattijo ya faɗi ya kasa tashi, ko aka ga ƙafar ta gajarce ko ta karkace, kada a ja ta. A ɗauke shi a kwance zuwa asibiti.

Kira ga shugabanni da ma'aikatan lafiya

Akwai gwaji mai sauƙi da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi zai iya yi: dattijo ya tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, wani na tsaye kusa da shi. Idan ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa, sai a tura shi babban asibiti.

Daga ƙarshe, muna kira ga hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da jami'an ƙananan hukumomi, da su san dattawan yankunansu da aka yi wa wannan aiki, su taimaka musu da abin hawa a ranakun komawa asibiti. Ga iyalai kuma, a adana katin asibiti da hotunan ƙashi, kada a fasa zuwa ganin likita don an ga ciwo ya lafa.