Tarihin Kiɗan Indi: Samarin Da Suka Buga Faifansu Da Kansu

A wannan karon za mu ɗan ajiye labarin soyayya gefe guda, mu leƙa ƙasar Ingila don mu ga tarihin wani nau'in kiɗa da ake kira indi. Kalmar guntu ce daga kalmar Turanci mai nufin cin gashin kai. Masoya wannan kiɗa sun shekara fiye da arba'in suna musu a kan abu ɗaya: shin indi wani sauti ne da kunne ke ganewa, ko kuwa hanya ce ta fitar da waƙa ba tare da an durƙusa wa manyan kamfanoni ba? Abin da ya ja hankalina shi ne yadda tarihin nasu ya zama tarihin mai fasaha da mai kuɗi, da kuma wanda ke mallakar aiki idan an gama shi.

Kafin 1976, saurayin da ya iya kaɗa jita a Ingila ba shi da wata ƙofa sai ta manyan kamfanonin faifai irin su EMI da CBS da Warner. Su ke da kuɗin sutudiyo, su ke da injinan buga faifan garmaho, su ke raba kaya a shaguna. Kuma galibinsu a Landan suke zaune. Idan ba su ɗauke ka ba, waƙarka ta ƙare a ɗakinku.

Ranar 4 ga watan Yunin 1976, wasu ɗalibai biyu, Howard Devoto da Pete Shelley, suka gayyato wata ƙungiyar mawaƙa ta Landan mai suna Sex Pistols ta yi wasa a wani ƙaramin zaure da ke saman ginin Free Trade Hall a birnin Mancesta. Kuɗin shiga kwabo 50 ne na Ingila, waɗanda suka hallara kuwa kimanin mutum 40 ne. To amma cikin 'yan tsirarun nan akwai Bernard Sumner da Peter Hook da wani saurayi mai suna Morrissey. Abin da suka gani shi ne samari sa'o'insu, waɗanda ba su ƙware ba, amma sun hau dandamali suna faɗin abin da ke ransu. Washegari Hook ya je ya sayi jitarsa ta farko a kan fam 35. Daga baya da wasan ya yi suna, masu cewa da su aka yi sun ninka abin da zauren zai iya ɗauka, har wani ɗan jarida, David Nolan, ya rubuta littafi guda yana tantance mai gaskiya da mai ƙarya. Da ma nasara 'ya'ya gare ta.

Devoto da Shelley su ma suna da tasu ƙungiyar, Buzzcocks. Maimakon su jira kamfani, sai suka ranci kimanin fam 500 a wajen 'yan uwa da abokai, suka ɗauki waƙoƙi huɗu a watan Disambar 1976, suka buga kwafi 1,000 da sunan wani ɗan kamfani nasu, New Hormones. Faifan, mai suna Spiral Scratch, ya fito a Janairun 1977, kuma a ƙarshe ya sayar da kusan kwafi 16,000. Akwai ƙananan kamfanoni kafin su, sai dai wannan faifan shi ne ya nuna wa samarin unguwa cewa abin ba tsafi ba ne.

Buga faifai daban, sayar da shi daban. Nan ne wani mutum mai suna Geoff Travis ya shigo. A 1976 ya buɗe shagon faifai a yammacin Landan ya sa masa suna Rough Trade, a 1978 shagon ya fara fitar da nasa faifan. Tsarinsa mai sauƙi ne: idan an cire kuɗin aiki, a raba riba biyu, rabi na mawaƙi, rabi na kamfani. Sannan ya haɗa kai da wasu shaguna a garuruwa daban-daban suka kafa hanyar raba kaya ta kansu. Ga kuma John Peel na gidan rediyon BBC, wanda yake sa waƙar duk wanda ya burge shi ko da kuwa ba a san shi ba. A Janairun 1980 aka fara fitar da jadawalin ciniki na ƙananan kamfanoni zalla. Mai karatu ya lura, a wancan lokacin sharaɗin shiga jadawalin shi ne hanyar da faifai ya bi ya isa shago, ba irin kiɗan da ke cikinsa ba.

A Mancesta kuwa, wani mai gabatar da shiri a talabijin, Tony Wilson, shi da abokinsa Alan Erasmus suka kafa Factory a 1978. Ƙungiyar su Sumner da Hook, wato Joy Division, a nan ta fitar da kundinta na farko, Unknown Pleasures, a 1979. Mawaƙinsu Ian Curtis yana fama da farfaɗiya, baitocinsa kuma cike suke da kaɗaici da ƙuncin rai. A watan Mayun 1980 ya kashe kansa yana ɗan shekara 23, ana gab da tafiyarsu wasa Amurka. Sauran suka sake suna zuwa New Order, suka shigo da na'urori cikin kiɗansu, a 1983 suka fitar da Blue Monday, wanda ya zama babban faifan waƙa ɗaya da ya fi kowane ciniki a tarihin Birtaniya. Wilson da kansa ya sha ba da labarin cewa kwalin faifan ya yi tsadar da a bugun farko asara suke yi a kan kowane kwafi. Ƙa'idar Factory ita ce mawaƙa su ke mallakar waƙoƙinsu, kuma duk ranar da suka ga dama su kama gabansu. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Idan ana maganar rubutun waƙa, masoya indi ba sa wuce The Smiths, wadda Morrissey da makaɗin jita Johnny Marr suka kafa a 1982. Yadda suke aiki shi ne, Marr ya tsara kiɗa ya ɗauka a kaset ya miƙa, Morrissey ya ɗora baiti da karin murya a kai. Waƙoƙin ba na masu kuɗi da motoci ba ne. Na saurayi ne mai kunya, marar aikin yi, mai zaune a ɗakin haya, wanda ya kasa furta wa wadda yake so kalma ɗaya, kuma ana cakuɗa baƙin cikin da barkwanci. A shekara biyar kacal sun fitar da kundi huɗu a Rough Trade, kuma Meat Is Murder ya hau matsayi na ɗaya a 1985. Har yau masoyansu sun rabu biyu: masu cewa baitin ne gishirin, da masu cewa jitar ce. Ni dai ra'ayina, tun da suka rabu a 1987 babu wanda a cikinsu ya yi abin da ya kai na tare, wannan ya isa amsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To daga nan labarin ya fara ɗaci. Rough Trade ya faɗaɗa fiye da ƙarfinsa, lissafi ya rikice, a 1991 sashen raba kayansa ya durƙushe da kuɗin ƙananan kamfanoni masu yawa a hannunsa. Factory kuma ya yi ta zuba ribar New Order a wani gidan rawa da suka buɗe a 1982, Haçienda, wanda ke cika da mutane amma ba ya kawo riba. Da bashi ya kai musu iya wuya, kamfanin London Records ya zo zai saye su, sai ya tarar waƙoƙin da yake kwaɗayi ba mallakar Factory ba ne, na mawaƙan ne. Ciniki ya watse, Factory ya karye a Nuwambar 1992. Karamcin da ya ɗaga sunansa shi ne ya hana a ceto shi, amma kuma shi ne ya sa New Order suka fita da waƙoƙinsu a hannu.

Su The Smiths nasu ya kai gaban alƙali. Morrissey da Marr suna ɗaukar kashi 40 kowannensu na kuɗin faifai da wasanni, makaɗin ganga Mike Joyce da ɗaya makaɗin jitar Andy Rourke kashi 10 kowanne, kuma babu takardar da ta fayyace haka. Rourke ya karɓi sulhu, Joyce ya ƙi. A Disambar 1996 kotu ta ce kashi 25 ne haƙƙinsa, aka yanke a biya shi kusan fam miliyan ɗaya. Abokan nan ba su sake hawa dandamali su huɗu ba, har Rourke ya rasu a 2023.

A daidai wannan lokacin manyan kamfanoni sun gane akwai kuɗi a wajen. A 1992 Alan McGee ya sayar wa Sony kusan rabin kamfaninsa Creation don ya biya bashi. A Mayun 1993 ya ga wasu samarin Mancesta suna wasa a wani ƙaramin gida a Glasgow, ya ɗauke su. Su ne Oasis. A Agustan 1996 suka yi wasan dare biyu a Knebworth gaban mutum 250,000. Shekara ashirin ke nan daga zauren mutum 40. Daga nan kalmar indi ta koma sunan sauti, wato samari huɗu ko biyar da jita da ganga, ko da kuwa babban kamfani ne ke biyan kuɗin. Tsofaffin masoya suna kiran haka cin amana, matasa kuma suna cewa waƙa mai daɗi ba ruwanta da wanda ya buga ta.

Duk da haka hanyar farko ba ta mutu ba. Rough Trade ya farfaɗo a 2000, kuma a 2006 ƙaramin kamfanin Domino ya fitar da kundin farko na Arctic Monkeys, waɗanda masoyansu suka fara yaɗa waƙoƙinsu a intanet kyauta. Hanyar har ta iso maƙwabtanmu. Mdou Moctar, Buzun Nijar makaɗin jita, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a yankin Sahara, har ƙaramin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya neme shi, a 2021 kuma Matador, ɗaya daga cikin fitattun kamfanonin indi, ya fitar masa da Afrique Victime.

Mu marubutan adabin kasuwa wannan labarin ba baƙo ba ne a wajenmu. Tun tsakiyar shekarun 1980 muke ranto kuɗi mu kai rubutu maɗaba'a, mu ɗauki littafi mu kai wa 'yan kasuwa da kanmu, saboda manyan kamfanonin ɗab'i ba su dube mu ba. Mun san daɗin wannan 'yanci, mun kuma san marubutan da suka sayar da littafi da baki, aka yi ta sake buga shi ba su ga ko sisi ba. A musun masoya indi ina tare da masu cewa hanyar ce asali, sautin daga baya ya zo. Amma abin da na ɗauka daga su Joyce da Wilson shi ne, ranar da ake dariya ake rubuta takarda: wa ke da aikin, kashi nawa kowa zai ɗauka, kuma har tsawon wane lokaci. Wanda duk zai kai sabon littafi kasuwa ko sabuwar waƙa sutudiyo, ya fara da wannan kafin ya miƙa.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba.