Ganuwar Kano a Fuskar Kwamfuta: Yadda Hoton Taswira Ke Samun Mazauninsa

Hoton taswira, idan aka buɗe shi a kwamfuta, ɗigo-ɗigo ne kawai a jere, ana ƙirga su daga kusurwar sama ta hagu ana gangarowa. Ita kuwa ƙasa da digiri ake auna ta. Birnin Kano yana wajen digiri 12 arewa, digiri 8 da rabi gabas, kuma lambar farko ƙaruwa take yi in an nufi arewa. Aikin mai rubuta manhaja, ko da Qt yake aiki, wanda a kansa aka gina manhajar taswira ta QGIS, ko da wani kayan aikin, shi ne ya daidaita ƙirgen nan biyu. Lambobi shida sun wadatar: faɗin ɗigo a ƙasa, tsawonsa, biyu na karkata, biyu na mazaunin ɗigon farko. Lambar tsawo da alamar ragi take zuwa. Wanda ya manta da ita zai ga Dutsen Dala ya koma kudu da Gidan Rumfa.

Wannan kuskuren nan take ido ke kama shi. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ba ya nuna kansa. Tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya an auna su ne a kan ma'aunin Minna, wayoyin hannu da hotunan tauraron ɗan'adam kuwa WGS84 suke bi. Lamba ɗaya a ma'aunan biyu wurare biyu take nunawa, da tazarar gomman mitoci. A daji ba wani abu ba ne. A cikin gari kuwa, inda lungu a bayan Kasuwar Kurmi da ƙyar mai kura da mai babur suke wuce juna, tazarar nan ta tsallake gidaje da dama. Digiri ɗaya na arewa kusan kilomita 111 ne, saboda haka manhajar da ta yanke lamba a gurbi na uku bayan ɗigo ta yarda da kuskuren da zai iya kai mita 100, alhali a fuska komai tsaf yake.

Tsohuwar taswira kuma ba ta zo da lamba ko ɗaya ba. Zanen birnin da Heinrich Barth ya yi bayan zuwansa Kano a 1851 yana nuna ganuwa da ƙofofi da Dala. Kafin a ɗora shi kan hoton yau, sai an zaɓi wuraren da ke cikin duka biyun an kafe shi da su. Hannu kan yi saurin kaiwa ga ƙofofi, amma a nan ake buƙatar hattara. Ganuwar da aka soma a zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa, ta zaizaye a wurare da yawa, gine-gine sun hau kanta, ƙofofi kuma an rushe wasu an sake gina su saboda faɗaɗa titi, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa a 2010. A ganina Dala da Goron Dutse su ya kamata su zama turaku na farko, ƙofofi su biyo baya ɗaya bayan ɗaya, kowace da bayanin lokacin da aka taɓa ta.

Shi ya sa nake ganin tagar manhaja ba ta cika ba in hoto da lambobin wuri kaɗai take nunawa. Ya kamata a gefe a rubuta ma'aunin da aka bi, shekarar hoton, da yawan mitocin da kowane turke ya goce bayan an kafe. Mai binciken da ke son sanin nawa ya rage daga ganuwar da ta shiga jerin wucin gadi na wuraren tarihi na UNESCO a 2007 yana buƙatar waɗannan. Kuma kada ya yi awo a kan taswirar intanet kai tsaye, domin tsarin Mercator da take bi yana ƙara wa tsawo kusan kashi 2 cikin 100 a daidai Kano. Sai ya mayar da hoton kan shiyya ta 32 ta tsarin awo na UTM, wadda ta tashi daga digiri 6 zuwa 12 gabas, sannan ya ja layinsa.