Korar Indiyawa Daga Yuganda a 1972: Darasi Kan Dukiya da Ƙabilanci

Abin da za mu duba a yau shi ne yadda cinikin duniya kan ɗaukaka wata 'yar ƙaramar al'umma har ta kankane dukiyar ƙasa, da abin da kan biyo baya sa'ad da masu rinjaye suka karɓi mulki. Misalinmu kuwa shi ne Yuganda.

Tushen al'amarin yana cikin mulkin mallaka. A 1896 Turawan Ingila suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa, ta kai bakin Tafkin Biktoriya a 1901. Leburori kimanin 32,000 aka kwaso daga Indiya domin wannan aiki, amma yawancinsu sun koma gida. Waɗanda suka kafu sosai su ne 'yan kasuwa, galibinsu daga Gujarat, da suka biyo hanyar suna buɗe kantuna har cikin ƙauyukan Yuganda. Da aka shigo da noman auduga saboda masaƙun ƙetare, sai ƙasar ta zama hawa uku: Bature a sama da mulki da banki, Ba'indiye a tsakiya da kanti da injin gurza, ɗan ƙasa a gindi da fartanya.

To, manomi ba ya ganin mai yanke farashi a Liverpool. Wanda yake gani kullum shi ne mai sikeli. Saboda haka fushinsa ya sauka a kan na tsakiya. A boren Buganda na 1949 manoma sun nemi a bar su su gurje audugarsu da kansu, a 1959 kuma aka ƙaurace wa kantunan baƙi. Samun mulkin kai a 1962 bai rushe wannan tsari ba. Indiyawa wajen 80,000 ne, watau kamar ɗaya cikin ɗari na jama'a, amma manyan shaguna da masana'antu, har da gidajen sukari na iyalin Madhvani a Kakira da na Mehta a Lugazi, suna hannunsu.

Ran 4 ga Agusta 1972, Janar Idi Amin, wanda ya hamɓarar da Milton Obote a 1971, ya yi shelar korarsu, aka ba su kwana 90 su tattara nasu-ya-nasu. Ingila ta karɓi fiye da 27,000, Kanada kuma kimanin 6,000. Talakawa da yawa sun yi murna, gama kukansu na gaskiya ne. Amma dukiyar ba ta isa gare su ba. Hafsoshin soja da 'yan barandan gwamnati aka raba wa kantuna da gidaje, har aka laƙaba musu suna "mafuta mingi", watau masu maiƙo. Suka sayar da hajar da suka tarar, ba su san hanyar saro wata ba. Injuna suka tsaya, sukari da sabulu suka yi wuya, fasa-ƙwauri ya zama sana'a. Bayan faɗuwar Amin a 1979, gwamnatin Obote ta kafa dokar mayar da dukiyoyin a 1982, Yoweri Museveni kuma, da ya hau mulki a 1986, ya yi kiran masu su da su dawo.

Abin lura a nan shi ne, kasuwa da aka sake ba linzami takan ƙara wa mai jari da sanayya a ƙetare, siyasa kuma takan ba mai yawan jama'a iko. Inda waɗannan biyu suka faɗo a kan ƙabilu dabam-dabam, ɗan siyasa mai neman suna ba ya rasa wanda zai nuna da yatsa. Korar 1972 ta sauya hannun da ke riƙe da sikeli, ta bar manomi inda yake.

Ku da ke riƙe da ofisoshi, da ku ɗalibai da za ku gaje su, aikinku shi ne buɗe wa masu rinjaye ƙofar ilimi da rance da lasisi tun kafin ɓacin rai ya taru, tare da tsare ran marasa rinjaye da haƙƙinsu. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.