Duhun Kasuwar Les Halles

A da, kasuwar Les Halles ta tsakiyar birnin Paris ba ta ci sai dare ya raba. Motocin kayan lambu, nama da kifi su iso, 'yan dako su yi ta sauke kaya har asuba, sannan su zauna shan miyar albasa. A irin wannan dare Brassaï, baƙon da ya zo Paris a 1924, yake yawo da kyamararsa a farkon shekarun 1930.

Hasken fitilun titi bai isa ba. Dole ya kafa kyamarar a kan ƙafafunta, ya bar idonta a buɗe, yana auna lokaci da sigari: Gauloise idan da ɗan haske, Boyard mai daɗewa idan duhun ya yi kauri. Duk wanda ya motsa sai ya koma inuwa; mai gyangyaɗi da tulin kabeji su ne ke fitowa ras.

Sauran hukuncin a ɗakin wanke hoto ake yanke shi. Yana iya rage duhun, amma ya bar baƙin da ƙarfinsa, haka kuma aka buga littafinsa na hotunan Paris da dare. A ganina ya yi daidai, ko da yake duhun ya haɗiye fuskoki da yawa.

A 1969 aka mayar da kasuwar Rungis, a 1971 aka fara rushe rumfunanta na ƙarfe. Mai son ganin jan nama da koren latas na wurin sai ya nemi hotuna masu launi da Robert Doisneau ya ɗauka kafin a tashe ta.