Kwanson Tagulla da Ɗigon Maiko: Tarihin Sake Ɗura Harsashi a Gidajen Amurka

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, mai bindiga kusan ko'ina a duniya ta baki yake ɗura ta, kamar yadda maharba ke yi da bindigar toka har yau: a zuba albarushi, a cusa dalma, a danna. Sauyin da ya biyo baya shi ne haɗa albarushi da dalma da abin tayar da wuta cikin kwanso guda na ƙarfe, wanda ake sakawa ta bayan bindiga. Wannan kwanso shi ne ya fi komai tsada a jikin harsashi, kuma shi kaɗai ne ke saura bayan an harba. Daga nan sana'ar sake ɗura harsashi a gida ta samo asali, sana'ar da ta fi kafuwa a Amurka.

A shekarar 1866 mutum biyu suka yi rajistar fasahar 'yar hular da ke tayar da wuta a tsakiyar gindin kwanso: Kanar Edward Boxer na Ingila da Hiram Berdan na Amurka. Hular Boxer tana zaune a kan rami ɗaya a tsakiya, don haka da tsinken ƙarfe ake ture wadda ta ƙone a sa sabuwa. Ta Berdan kuwa ramukanta a gefe suke, cire ta sai da wahala. Abin mamaki, Amurkawa suka rungumi ta Baturen Ingila, ƙasashen Turai suka riƙe ta Ba'amurke. Wannan zaɓi na daga cikin dalilan da suka sa sana'ar ta bunƙasa a Amurka fiye da ko'ina.

Sai kuma batun ƙarfen da za a ƙera kwanson da shi. Rundunar sojan Amurka ta fara da jan ƙarfe a bindigarta ta Springfield ta 1873, amma jan ƙarfe yana da laushi: idan ya buɗe ba ya komawa, sai ya manne a cikin bindigar da ta yi zafi. Bayan yaƙin Little Bighorn na 1876 an yi ta koke cewa wasu sojoji sai da wuƙa suke ɓanɓaro kwanso. A shekarun 1880 rundunar ta koma ga tagulla, wato haɗin jan ƙarfe kimanin kashi 70 cikin ɗari da zinki kashi 30. Tagulla tana buɗewa a lokacin harbi ta toshe duk wata kafa da hayaƙi zai bi ya dawo fuskar maharbi, sannan ta ɗan tsuke, a zare ta cikin sauƙi.

Sai dai ba ta komawa daidai girmanta na farko. Kowane harbi yana barin ta da ɗan ƙarin faɗi, wanda ido ba ya gani amma bindiga tana ji.

Da farko wannan bai dami mutane sosai ba. Maharban ɓaunar Amurka na shekarun 1870, waɗanda suka taimaka wajen rage wannan dabba daga miliyoyi zuwa kimanin dubu ɗaya, suna tafiya daji da dalma da albarushi da huluna, da dare su zauna bakin wuta suna sake cika kwansunansu. Baƙin albarushi ba shi da matsi mai tsanani, kwanson kuma bindigar da ya fito cikinta zai koma, saboda haka sau da yawa wanke shi ya wadatar. A 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a New Haven, yana sayar da wani abin aiki mai kama da awartaki da ake riƙewa a hannu, tare da ɗan littafin jagora. Kamfanin Lyman ya gaji wannan sana'a a 1925.

A wannan shekara ta 1884 ne kuma Paul Vieille na Faransa ya samar da albarushi marar hayaƙi. Matsinsa ya fi na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, kwansuna kuma suka ƙara zama masu siffar kwalba, da wuya da kafaɗa. Kwanson da ya sha irin wannan matsi yakan buɗe har ya ƙi shiga wata bindiga, wani lokacin ma har tasa. Dole a mayar da shi girmansa ta hanyar tura shi da ƙarfi cikin bututun baƙin ƙarfe wanda aka goge cikinsa daidai awo. Aikin ya fi ƙarfin tafin hannu, shi ya sa injinan matsi da ake ɗaurewa a tebur suka yaɗu daga wajajen 1930.

A nan maiko ya zama tilas. Tagulla busasshiya idan aka danna ta cikin bututun ƙarfe tana kamawa kamar an yi mata walda. A ja ta da ƙarfi, sai bakin gindinta ya yage, ta maƙale a ciki. Idan kuma maikon ya yi yawa, sai ya taru a kafaɗa, ya rasa mafita, ya lotsa ta, domin ruwa ba ya matsuwa. Masu sana'ar suka yi ta gwaji da kitse da man inji da kakin zuma, kafin mafi yawansu su tsaya a kan kaki na musamman da lanolin, maikon da ake samu a ulun tumaki, saboda shafi kaɗan nasa yana jure matsi mai yawa.

Maikon da ya taimaka a tebur kuma haɗari ne a cikin bindiga. Kwanso yana buƙatar ya kama bangon gurbinsa a lokacin harbi. Idan yana da santsi, ƙarin ƙarfi yana komawa kan makullin bindigar. Don haka ake goge shi tas bayan an gama. Sojoji ma sun yi ɗari-ɗari da shi: bindigar John Pedersen, wadda ta yi takara da ta John Garand, ba ta aiki sai da harsashi mai shafin kaki, wannan kuma na cikin abubuwan da aka ƙi ta da su. Ta Garand aka ɗauka a 1936.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa sana'ar kasuwa, domin masana'antu sun karkata ga sojoji, harsashin farauta ya yi wuya. A 1943 Fred Huntington ya fara ƙera kayan aiki a Oroville ta jihar Kalifoniya, daga nan kamfanin RCBS ya fito. Bayan yaƙin aka samu bututu mai zoben tangistin kabaid, wanda taurinsa da santsinsa suka sa kwanson ƙaramar bindiga mai miƙaƙƙen jiki ba ya buƙatar shafi. Kwanso mai kafaɗa kuwa bai samu wannan sauƙi ba.

Akwai iyaka da maiko ba ya iya kawarwa. Duk lokacin da aka buɗe tagulla aka matse, tana ƙara tauri da gautsi, wuyanta yana tsawo, jikinta kusa da gindi yana sirancewa, har ta tsage. Mai sake ɗura harsashi a yau yana da ma'aunin lantarki da injin da ke yin ɗaruruwa a awa guda, amma har yanzu yakan ɗauki kowane kwanso ya duba, ya shafa masa maiko daidai gwargwado, ya kuma ƙirga sau nawa ya harba shi kafin ya jefar.